Kafin ka ce a sa maka Windows 11 a tsohuwar kwamfutarka

Wata Asabar da hantsi, sanyin hunturu bai gama sakin garin Jos ba, wani dattijo malamin Islamiyya daga Gangare ya shigo shagona a Taminus da kwamfuta naɗe cikin darduma. Dell Latitude E6420 ce, irin masu kauri da nauyin nan. Ɗansa ne ya bar masa ita, da ita yake buga jarrabawar ɗalibai da sakamakonsu. Ya ce an kai ta wani wuri an sa mata "sabon Windows", tun daga ranar in ya kunna ta sai ya je ya yi alwala ya dawo ba ta gama buɗewa ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, gaya mini gaskiya, ta mutu ne?"

Na danna Ctrl da Shift da Esc a tare, shafin da ke nuna aikin da kwamfuta take yi ya buɗe, na nuna masa layin faifan ajiya ya tsaya cak a kashi 100 alhali ba a buɗe komai ba, fanka kuwa sai huci take yi. Na ce, "Baba, da ranta. Kayan raƙumi aka ɗora wa jaki."

Ƙirar 2011 ce kwamfutar, Windows 11 kuma sai a 2021 ya fito. Shekara goma ke tsakaninsu. Wanda ya sa mata shi bai tambayi ƙarfinta ba, bai tambayi aikin da Malam ke yi da ita ba, sunan sabo kawai ya bi. Kusan kowane mako sai na ga irin wannan, shi ya sa in aka tambaye ni wane Windows ne ya fi kyau, nakan mayar da tambaya biyu: me ke cikin kwamfutar, kuma me za ka yi da ita?

Fara da sanin abin da ke hannunka. Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta msinfo32, ka danna Enter. Abu biyu za ka nema a shafin da zai buɗe: sunan furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, da yawan ram, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a lokacin. A wajen furosesa ne aka fi cutar mutane. Mai sayarwa zai ce maka "Core i5 ce, Alhaji", ya yi shiru, kai kuma ka ji daɗi. To i5 suna ne na dangi, akwai kaka akwai jika. Lambar da ke biye da shi ita ce ke faɗin shekaru. In ka ga i5-2520M, lambar farko 2 ce, zubi na biyu ke nan, na 2011. i5-3320M zubi na uku ne, na 2012. i5-6300U na shida ne, i5-8250U kuma na takwas, na 2017. In lambobin uku ne kacal, kamar i5-520M, zubin farko ne. 'Yan kasuwa suna kiran wannan janareshan. Yawancin kwamfutocin hannu da ake saukewa a kasuwannin nan namu, su HP EliteBook 8460p da 8470p da Folio 9470m da ThinkPad T420 da T430, zubi na biyu ne da na uku. EliteBook 840 G3 na shida ce, G5 ce ta kai na takwas. Rubuta lambar taka a takarda, kusan rabin hukuncin a kanta yake.

Sai maganar 32 da 64, wato nau'i biyun da manhaja ke zuwa da su, 32-bit da 64-bit. Duk wata Core 2 Duo da duk dangin i3 da i5 da i7 suna ɗaukar manhaja mai 64-bit, don haka kar ka yarda a sa maka mai 32. Mai 32 ba ya iya amfani da ram fiye da giga uku da 'yan kai, ko da ka cika kwamfutar da giga takwas. Waɗanda suka tsaya a 32 su ne ƙananan nan masu Atom N270, da Pentium M, da Core Duo marar lamba 2.

Kafin mu zo kan manhaja, akwai gyaran da in ba a yi shi ba, duk abin da ka zaɓa wahala za ka sha. A mafi yawan tsofaffin kwamfutocin da ake kawo mini, ba furosesa ce ta gaji ba, faifan ajiya ne. Tsohon had-dis faifai ne na gaske yana juyawa a ciki, galibi zagaye 5400 a minti, da ɗan hannu mai yawo a kansa yana neman bayani. Kara kunnenka a gefen kibod, za ka ji ƙyas-ƙyas ɗinsa. Windows 7 yana haƙuri da shi. Windows 10 da 11 ba su da wannan haƙurin, kullum suna karatu da rubutu a bayan fage, sai faifan ya rasa numfashi. SSD kuwa, wato sabon nau'in ma'ajiya, babu abin da ke juyawa a cikinta. Ka cire tsohon, ka sa SSD mai giga 128 ko 256 a ramin da ya fita, kwamfutar da ke cin minti biyar kafin ta buɗe sai ta dawo ƙasa da minti ɗaya. In kuɗinka na abu ɗaya ne, tsakanin ƙarin ram da SSD, sayi SSD. Tsohon faifan kuma kar ka yar, akwai ɗan gidan da ake sa shi ya zama ma'ajiyar waje.

Ram yana biye. Giga huɗu shi ne ƙasan abin da zan kira zaman lafiya, takwas ya fi. Ka cire wanda ke ciki ka tafi da shi kasuwa, don DDR2 da DDR3 da DDR4 ba sa shiga ramin juna, kuma kwamfutocin cinya na zubi na huɗu DDR3L suke so, mai cin wuta kaɗan. Sannan ƙura. Duk wanda ya yi hunturu a Jos ya san yadda take shiga ko'ina. Na sha buɗe kwamfuta in tarar da ƙura ta dunƙule a bakin fanka kamar audugar katifa. In zafi ya yi yawa, furosesa da kanta take rage gudu don kar ta ƙone, mai ita kuma ya ɗauka laifin Windows ne. A share fankar, a sake man da ake shafa wa furosesa. In kuma kullum agogon kwamfutar yana komawa wata tsohuwar shekara, ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke kan allon ciki ne ya mutu. A canza shi, don in kwanan wata ya karkace, shafukan intanet da yawa ba za su buɗe ba.

To yanzu zaɓi.

In furosesarka zubi na takwas ce ko sama da haka, ko Ryzen 3000 zuwa sama a ɓangaren AMD, babu dogon zance: sa Windows 11. Sharuɗɗan Microsoft su ne ram giga 4, wurin ajiya giga 64, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. In ka rubuta tpm.msc a inda ka rubuta msinfo32 za ka ga ko kana da shi. Wani lokaci yana nan, an dai kashe shi ne a cikin BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya buɗe. Giga 4 ɗin da suka faɗa na buɗewa ne kawai, in aiki za ka yi, kai shi takwas.

Masu zubi na shida da na bakwai su ne a tsaka mai wuya. Ƙarfinsu ya isa, amma ba sa cikin jerin da Microsoft ya amince da su. Manhajar Rufus, wadda ake rubuta Windows a filash da ita, tana da wurin da za ka cire waɗancan sharuɗɗa Windows 11 ya shiga, kuma ina yi wa mutane haka in akwai SSD da ram giga takwas. Sai dai ina gaya wa mai ita gaskiya tun kafin in fara: kamfanin bai ɗauki alkawarin ci gaba da turo mata gyara ba, kuma babban sabuntawar shekara ba ya zuwa da kansa, sai an dawo an yi da hannu. Wanda ya yarda da haka, bismillah. Ƙasa da zubi na shida ba na yi. Core 2 Duo kuwa, tun daga fitowar Windows 11 mai lamba 24H2, ko an tilasta ma ba za ta tashi ba, don akwai umarnin da sabon Windows ke nema wanda furosesar ba ta san shi ba.

Windows 10 fa? Shi ne ya fi zama daram a kan zubi na biyu zuwa na biyar, in akwai SSD. Matsalarsa ɗaya ce, amma babba: ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya rufe tallafinsa na yau da kullum. An buɗe ƙofar ƙarin shekara guda ta gyaran tsaro, zuwa Oktoban 2026, ga wanda ke kan fitowar ƙarshe ta 22H2 kuma ya yi rajista. Mutane sukan tsorata su ɗauka kwamfutar za ta daina aiki ne. Ba za ta daina ba. Abin da ke faruwa kamar gida ne da maigadi ya bar aiki: ɗakuna suna nan, amma duk ramin da ɓarawo ya gano a katanga babu mai toshewa. Wanda ya tuna watan Mayun 2017, lokacin da bairos ɗin WannaCry ya kulle kwamfutocin asibitoci a Ingila da wasu ƙasashe da dama, ya san abin da nake nufi. Gyaran ramin ya fito tun watan Maris, waɗanda ba su samu sun sa shi ba su ne suka kwana ciki. Don haka in dole sai Windows saboda wata manhajar aikinka, zauna a kan 10, amma ka rage abin da kake damƙa mata. Harkar banki ka bar ta a waya.

Akwai masu son Windows 7 har gobe, kuma na fahimce su. Da tsohuwar zuma ake magani. Yana da sauƙi, ba ya wahalar da tsohon inji, kuma masu shagunan buga takardu na kan titin Bauchi da Farin Gada suna da tsohon CorelDRAW da tsohuwar firinta waɗanda suka saba da shi. Amma tallafinsa ya ƙare tun 14 ga Janairun 2020, na 8.1 ya bi shi a Janairun 2023, XP kuwa tun Afrilun 2014. Chrome ya tsaya a lamba 109 a kan Windows 7, ba ya ƙara gaba. Shawarata ga mai irin wannan shago: bar kwamfutar a kan 7 in tana yi maka aiki, amma ka raba ta da intanet gaba ɗaya, ta zama injin bugu kawai. Ka kuma kula da filashin kwastomomi, ta nan ne bairos ɗin nan mai ɓoye fayiloli ya bar maka hotunansu marasa buɗuwa yake shigowa.

Abin da ba na yarda da shi ko kaɗan shi ne Windows ɗin da wasu suka yanke suka ɗinke suna kiransa "mai sauƙi", ana yawo da shi a filash. Gaskiya yana gudu. Amma ba ka san wanda ya haɗa shi ba, ba ka san abin da ya cire ba, balle abin da ya cusa. Sau da yawa abin tsaron ne farkon abin da ake cirewa.

Saura wanda na fi ba da shawara a kansa ga tsofaffin injina, kuma wanda mutane suka fi gudu: Linux. Da na ambaci sunan sai a ce ai na masana ne, baƙin allo da rubutu. Wannan zance ya tsufa. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara shi a 1991, kyauta ne, ba a biyan lasisi, kuma wayar Android da ke aljihunka a kan tushensa aka gina ta. Yana da iri-iri, amma ga wanda ya taso da Windows, Linux Mint nake sa wa. Maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu, agogo yana ƙasa ta dama, manyan fayiloli suna nan yadda ka san su. Mint 22 ya fito a 2024, kuma za a ci gaba da turo masa gyaran tsaro har 2029. Yana zuwa da fuska uku: Cinnamon, MATE da Xfce. Mai ram giga huɗu zuwa sama ya ɗauki Cinnamon, ta fi kyan gani. Mai giga biyu zuwa huɗu ya ɗauki Xfce, ta fi sauƙin nauyi. Lubuntu ma yana wannan sahu. Dukkansu 64-bit suke nema.

Da ka gama sawa za ka tarar da Firefox a ciki, da LibreOffice mai yin aikin Word da Excel da PowerPoint. Chrome da Zoom da VLC duk suna shiga, WhatsApp yana buɗewa ta burauza. Yawancin firintocin HP da ka jona ake gane su. Bairos ɗin filash da na ambata ba ya kama shi, shi kaɗai wannan ya isa ya sa malamin makaranta ya huta.

Ba zan ɓoye maka inda yake gaza wa ba. CorelDRAW da Photoshop da AutoCAD ba su da na Linux. In da ɗayansu kake cin abinci, kar ka bar Windows, magana ta ƙare. LibreOffice yana buɗe takardar Word, amma wani lokaci teburi ko lambar shafi takan ɗan goce. Ɗalibin da ke rubuta furojet ya riƙa mayar da aikinsa PDF kafin ya kai wurin bugu, abin da ya gani a allonsa shi zai fito a takarda. In kuma malaminka yana son fayil na Word, ka adana shi a matsayin docx, ka buɗe a wata kwamfutar ka duba kafin ka tura.

Ƙananan nan masu 32-bit da ram giga ɗaya, antiX ko Debian 12 za su tashe su. Za su yi rubutu, su kunna karatun Alƙur'ani da wa'azi, yaro ya koyi kibod a kansu. Amma kar ka sa rai da YouTube ko Facebook. Shafukan intanet na yanzu su ne ke cinye ram, kuma babu manhajar da za ta hana su ci. Akwai kuma ChromeOS Flex na Google, mai son ram giga huɗu. Yana da sauri, sai dai kusan komai nasa a intanet yake, ga mai sayen data da awo ba na ganin ribarsa.

Kyawun Linux shi ne ba sai ka goge komai ba kafin ka gwada. Nemi filash mai giga takwas wanda babu abin da kake so a ciki, don za a share shi. Sauko da Mint daga shafinsu na asali, kusan giga uku ne, na Windows ya haura biyar, don haka datar dare ta fi dacewa. Yi amfani da Rufus ka rubuta shi a filash ɗin. In kwamfutar ta girmi 2012, zaɓi MBR a inda Rufus ke tambaya, in sabuwa ce GPT. Wanda ke son ya tara manhajoji da yawa a filash ɗaya ya nemi Ventoy, shi nake amfani da shi a shago. Kashe kwamfutar, jona filash, kunna, ka yi ta danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce ko Lenovo. Zaɓi filash ɗin daga jerin. Mint zai buɗe daga cikinsa ba tare da ya taɓa faifanka ba.

A nan ka zauna ka gwada komai da hannunka, gani ya kori ji. Kama wayafai. Kunna sauti. Ƙara hasken allo ka rage. Buɗe kyamara. Jona firintarka ka buga shafi guda. Zai ɗan yi nauyi saboda daga filash yake gudu, kar wannan ya ruɗe ka. In wayafai ya ƙi fitowa, yawanci katin wayafai ɗin na kamfanin Broadcom ne, tsofaffin HP da Dell suna da shi da yawa. Bayan ka sa manhajar, jona wayarka da igiyar caji ka ba kwamfutar intanet ta nan, ka buɗe Driver Manager, zai nemo direban, wato 'yar manhajar da ke tafiyar da katin, da kansa.

Kafin ka danna maɓallin sawa na gaske, kwashe kayanka. Na taɓa ganin wata ɗaliba daga Naraguta tana kuka a bakin shagona, ta kai kwamfutarta wani wuri an yi mata fomatin, babi huɗu na furojet ɗinta suna kan Desktop. Mun kwana biyu muna tono, abin da muka samo bai kai rabi ba, don sabuwar manhajar ta riga ta hau kan wurin. Ka duba Desktop da Documents da Downloads da hotuna, ka kwafe su a wani faifan, sannan ka buɗe kaɗan daga cikinsu a can ka tabbatar sun kwafu. Kalmomin sirrin da burauza ke riƙe maka, in ba ka haddace su ba, rubuta su. In kuwa batirin kwamfutar ya mutu, kar ka fara sai kana kan inbata ko janareta. A ɗauke wuta ana tsakiyar sawa, sai an koma farko.

Maganar lasisi a taƙaice: kwamfutar da ta zo daga kamfani da Windows 8 ko 10, makullinta yana ajiye a allon cikinta, in ka sa iri ɗaya, Home ko Pro, da ta hau intanet zai kunna kansa. Lambar da ke kan takardar Windows 7 da aka manna a ƙasan kwamfuta kuwa, tun Satumban 2023 ta daina buɗe Windows 10.

Malam na Gangare ya zauna a kan benci yana jan carbi har na gama. Aikinsa rubutu ne da teburin sakamako da sauraron karatu, babu CorelDRAW a ciki. Na share fankar, na sa SSD mai giga 128, na bar ram ɗinsa a giga huɗu, na ɗora Mint mai Xfce, na mayar masa da fayilolinsa. Na ƙara masa kibod na Larabci da na Hausa, don ya riƙa samun ƙ da ɗ da ɓ ba tare da ya bi takarda da biro yana yi musu lanƙwasa ba. Da na kunna ta a gabansa, bai kai ga gyara zaman hularsa ba ta buɗe. Ya sa tabarau, ya nemo fayil ɗin jarrabawar aji uku, ya ga komai yana nan, har da ayoyin da ya rubuta daga dama zuwa hagu.

Bayan mako biyu ya dawo, ba don ta lalace ba. Wata 'yar alama ce kamar garkuwa take fitowa a ƙasa kusa da agogo, yana tsoron ya taɓa. Na ce, "Baba, wannan ita ce mai kawo gyara. Duk Juma'a in kun dawo daga masallaci, ku jona ta da waya, ku danna ta, ku sa kalmar sirrinku, ku bar ta ta gama." Ya ciro ɗan littafi daga aljihun gaba ya rubuta da ajami, ya mayar da kwamfutar cikin dardumarsa.